Badukun da Ya Hana Ƙaninsa Takalmi

Bangon katako ne ya raba shagona na aski da shagon Baduku, katakon ma irin wanda in ya yi atishawa a can, wanda nake yi wa aski a nan ne ke ce masa sannu. Shekaru muna haka. Ni ina shaƙar warin gam da jemammiyar fata, shi yana shan surutuna, kowa yana ganin shi aka cuta. Dogo ne siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaya gefen zare ya ɗaura ya zagayo da shi bayan kunne. Magana kuwa kamar da awo ake ba shi. In ka gaishe shi da safe, amsar tana iya iso maka bayan ka gama share ƙofar shago.

Takalmi sau-ciki yake ɗinkawa, ga duk wanda ya kawo ƙafa. Amma aikin da ya fi ji da shi na danginsa ne, don 'yan gidansu ba sa iya sa takalmin kasuwa. Da yawansu suna da wani ƙullutu a agara, can sama da dunduniya, mai tauri, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Sai dai in suka zura ƙafa a takalmin kanti, bakin takalmin ya dinga cin wurin har ya yi jini. Mahaifinsu, wanda shi ma baduku ne kuma shi ma yana da abin, shi ya samo dabarar. Kowane ɗan gida ana sassaƙa masa ƙafar katako daidai tasa, a buga ɗan guntun fata a bayanta inda ƙullutun yake. A jiƙa fatar takalmin, a ja ta a kan katakon har ta yi ɗan lungu, a shimfiɗa wata mai laushi a ciki, a rage tsayin bakin. In ƙullutun ya ƙara girma, a ƙara wani guntun fata a kan na da. Baduku ya gaji dabarar, ya gaji ƙafafun katakon, suna rataye bibbiyu a bangon da ya raba mu. In ya buga guduma da ƙarfi sai in ji dangin duka suna tafiya a bayan madubina.

Tambarin gida suke kiran ƙullutun, suna alfahari da shi. Yaro in ya fara zama saurayi abin ya tsiro masa, sai kawunnai su shafa wurin su ce, "To, yanzu ka zama namu." Babbar yayarsu, wadda dangi kaf ke kira Gwaggo, ba ta da shi. Tun tana yarinya ake ce mata an musanya ta a asibiti, har ta yi jikoki ba a fasa ba.

Akwai abu na biyu da gidan ke da shi, shi ma suna faɗinsa kamar yadda wasu ke cewa mu dogaye ne. Mazansu ba sa daɗewa. Mahaifinsu ya kife a kan teburin aiki, basilla a hannu, bai kai hamsin ba. Ƙanin mahaifin ya zauna hutawa a matattakalar bene bai tashi ba. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan. Tsakanin dunduniya da ƙirji akwai tafiya.

Da mahaifin ya rasu, Baduku ne ya riƙe ƙaramin ƙaninsu, Auta. Ya so ya koya masa ɗinki, Auta ya soke yatsa sau biyu ya ce shi ba a haife shi don zama wuri ɗaya ba. Ya zama direban babbar mota a wani kamfanin rarraba kaya. Mutum ne mai jiki, mai dariyar da ke sa kare haushi a layin baya. Duk sanda ya dawo daga hanya, kafin ya je gida sai ya zube a bencin da ke tsakanin ƙofofinmu, mu haɗu mu sa Baduku a gaba.

"Yaya, yau kalma nawa ka kashe?"

Guduma ce ta amsa masa.

"Mai aski, ka ji ya yi magana yau?"

"Ya yi," in ce. "Da hantsi ƙusa ta faɗi, ya ce mata kash."

Baduku ba ya ɗago kai. Sai dai ya miƙo hannu ya ce, "Cire." Auta ya cire takalmin ya ba shi. Direba dunduniyarsa ce ke aiki yini guda a ƙasan mota, don haka nasa ya fi na kowa saurin cinyewa. Baduku ya juya shi, ya zura yatsa a lungun, ya shafa agarar ƙanin nasa kamar mai zaɓen kaya a kasuwa, ya ce, "Ya ƙaru." Auta ya ce, "Gado ne, Yaya, ai gara ya ƙaru."

Wata safiya na ji gudumar ta tsaya ba lokacin tsayawarta ba. Na leƙa, na tarar da Baduku a ƙasa ya jingina da ƙafar teburi, zufa ta wanke shi, yana cewa wani ya zauna masa a ƙirji. Muka sa shi a mota. Allah ya sa da sauran kwana: jijiyar zuciya ce ta toshe, likitoci suka buɗe ta.

Ina wurinsa ran da likitar zuciya ta zo zagaye, wata gajeriyar mata mai saurin magana, irin wadda ko ni sai na yi shiri kafin in sa baki. Ta gama sauraron ƙirji, sai ta yaye bargo ta kama dunduniyarsa ta matsa.

"Tun yaushe kake da wannan?"

"Likita, ƙirjin ne ke ciwo."

"Na sani. Wa kuma ke da shi a gidanku?"

Nan Baduku ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Ya lissafo mata dangi, masu rai da matattu, har da yadda ake jiƙa fata. Ta saurara ba ta katse shi ba, sa'an nan ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce akwai wani maiƙo da ke yawo cikin jinin kowa a ƙunshe-ƙunshe, kolestarol, hanta ce ke tsince shi. A jikin kowace ƙwayar halitta ta hanta akwai wasu 'yan furotin a tsattsaye kamar ƙugiyoyi. Kan kowace ƙugiya yana waje, cikin jini, da gaɓoɓi bakwai a jere masu cafke ƙunshin maiƙon. Wuyanta ya ratsa fatar ƙwayar, wutsiyarta tana ciki. In kan ya cafke, wutsiyar ce ke sa a jawo ta ciki da kayanta, ta sauke, ta sake fitowa ta tsaya. Haka take yi, shiga da fita, ba hutu.

"Ɗan dako ke nan," na ce.

"Ɗan dako mai haƙuri," ta ce, ba ta ko dube ni ba. Ta ci gaba da cewa samfurin da jiki ke bi ya ƙera ƙugiyar guda biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya zo da tangarɗa, ko kan ba ya riƙo ko wutsiyar ba ta ja, to rabin 'yan dakon ne ke aiki. Maiƙon da ba a kwashe ba sai ya nemi wurin zama. Ya zauna a agara, ya zauna a gaɓar yatsu, wani lokaci a fatar ido. Ya zauna a jijiyar zuciya.

Baduku ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ya ce, "Wato abin da nake yi wa ɗaki a takalmi, shi ya kashe babanmu?"

"Na agara ba ya kisa. Amma kaya ɗaya ne, wurin sauka ne ya bambanta."

Ta ce ba ruwan abin da ƙiba ko rama, kuma rage maiƙo a abinci kaɗai ba ya isa. Ta ce duk ɗan da mai shi ya haifa, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi ne, kuma rashin ƙullutu ba shaida ba ce, gwajin jini ne ke faɗa. Akwai ƙwayar magani da ke sa hanta ta ƙara fito da ƙugiyoyi daga samfurin mai kyau. In an fara da wuri, mutum yana iya tsufa kamar kowa.

"Ka turo mini danginka," ta ce. "Duka."

Ya san danginsa. Ya san in ya ce su je asibiti za su ce to, su yi masa fatan sauƙi, su koma gida. Don haka da ya samu ƙarfin zama, ya tara su a ɗakin Gwaggo, ya yi musu bayanin ƙugiya gwargwadon yadda ya riƙe, sa'an nan ya ce daga yau ba wanda zai ƙara ɗinka wa takalmi ko ya yi wa gyara sai ya je ya ba da jini.

Aka yi dariya, an ɗauka zafin ciwo ne. Da takalma suka fara mutuwa aka gane da gaske yake. Wani ɗan kawunsu malamin makaranta ya gwada na kanti mako guda, ya dawo yana tafiya kamar mai taka garwashi. Ɗaya bayan ɗaya suka je, suna gunaguni, suna dawowa da auduga manne a hannu su nuna masa. Gwaggo ta je duk da ba ta da buƙatar takalminsa, aka ce jininta ƙalau. Ta zo har ƙofar shago ta tsaya ta ce, "Wanda ya musanya ni a asibiti, Allah ya saka masa da alheri."

Saura Auta.

A benci suka yi ta, ina tsaye da reza a hannu.

"Yaya, kai ne ka faɗi, ni lafiyata lau. Jiya ni kaɗai na sauya tayar mota."

"Ni ma ran da na faɗi na ɗinka takalmi da safe."

"In kamfani suka ji direbansu na zaryar asibitin zuciya, ka san sitiyari ya bar hannuna. Kai za ka ciyar mini da yara?"

"Ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba wanda zai karɓe maka mota a kan ƙwaya."

"Kai ka san kamfani ko ni?" Sa'an nan Auta ya fito da ainihin abin da ke cinsa. "Abin da Baba ya shafa mini a ƙafa ya ce na zama nasu, shi ka mayar cuta. Wata mata ta matsa maka dunduniya sau ɗaya, ka dawo kana duban mu kamar marasa lafiya. Ni ba na son a faɗa mini ranata, Yaya. In ta zo ta same ni a kan hanya."

Baduku ya dubi takalmin Auta, wanda bayansa ya riga ya fara buɗe baki. Ya ce, "Je ka ba da jini, in ɗinka maka sabo."

"Riƙe basillarka," in ji Auta, ya tashi.

Na ɗauka rigimar kwana biyu ce. Auta ya sayi na kasuwa ya take bayansa ya mayar da shi silifa. Da ya ga yana zame masa a kan birki, ya sayi wani ya yanke bayan da reza, ya cusa soso. Aski bai fasa zuwa ba, sai dai ya daina zama a benci, yana zagayowa ta ɗaya gefen titi don kada ya wuce ƙofar yayansa. In ya hau kujerata sai ya ɗaga murya, don ya san bangon.

"Mai aski, ka san akwai masu sana'ar da suka koma likitoci ba takarda?"

Daga can guduma ta ƙara ƙarfi.

"Ka gaya wa maƙwabcinka takalmin kanti ma takalmi ne."

"Ya ji," in ce. "Ya ce a gaishe da soso."

Bai ce ba. Ni nake ƙirƙira wa kowannensu amsa, ina fatan wata rana ɗaya zai yi dariya abin ya wuce. Na sami Baduku na ce masa, "Ɗinka masa mana. In ya dawo benci ka bi shi a hankali." Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "In na ɗinka masa, da me zan riƙe shi? Ba ni da baki irin naka. Takalmin nan kaɗai nake da shi." Matar Auta ma ta zo ta roƙe shi, ta ce mijinta yana dawowa da safa manne da jini. Baduku ya ce mata ta kai shi asibiti, a ranar zai kwana ɗinki. Ta ce, "Yaya, kai da ka raine shi ka kasa, ni ce zan iya?"

Damina ta wuce, wata ta zo, suna nan a haka.

Wata rana da la'asar Auta ya shigo yana ɗingishi sosai. Ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle, na fara. Ya zame takalmin don ƙafar ta sha iska, na ga wurin ya ɗaye ya yi ja. Ranar bai ɗaga murya ba, ko tsokana ɗaya bai yi ba. Ina tsakiyar kai sai na ga Baduku a madubi, tsaye a ƙofata, abin da bai taɓa yi ba in Auta na ciki. Ya dubi ƙafar. Ya koma shagonsa, ya dawo da guntun fata mai laushi da almakashi. Ya durƙusa a ƙasa cikin gashin mutane, ya ɗauki takalmin kantin ya fara gwada fatar a bayansa.

Auta bai hana shi ba. Ina ganin fuskarsa a madubi, ta saki. Ya ce a hankali, "Yaya, tabaran nan har yanzu ba ka yi masa ƙafa ba?"

Na tsayar da askin. Da Baduku ya ce masa ko da "uhm" ne, da an gama. Ya yanka fatar, ya daidaita ta, ya ɗago kai ya ce, "Ka je?"

Auta ya kwance ƙyallen da kansa. Ya karɓi takalmin daga hannun yayansa, ya zare fatar ya ajiye a kan teburina, ya zura ƙafa. Ya fita da rabin kai a aske. Na bi shi har titi ina cewa ya dawo in ƙarasa, kada a ce ni na yi wannan aikin, bai juyo ba. Baduku yana nan durƙushe da almakashi. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Bayan 'yan watanni, da rana tsaka, Auta ya gangara gefen hanya da mota cike da kaya. Ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilun gargaɗi. Masu wucewa sun ɗauka barci yake. Ko ƙwarzane bai yi wa motar kamfanin ba. Shekararsa arba'in da 'yan kai. Allah ya jiƙansa.

Ba a yi wata biyu ba matarsa ta kwashi yaran ta kai su wurin gajeriyar likitar, ba wanda ya ce ta kai su. Biyu daga ciki sun ɗauko. Suna shan magani, suna ƙwallo, babbar tana son ta zama direba, uwar tana cewa sai bayan ranta.

Baduku ya janye dokarsa. Yanzu duk ɗan gidan da ya kawo ƙafa yana ɗinka masa, ba ya tambayar komai, ko da yake kusan ba wanda ya rage bai je ba. In aka yi zancen dangin da suka tsira ta dalilinsa, sai ya ci gaba da jan zare kamar da wani ake. Zancen Auta kuwa ya danganta da ranar. Wata rana ya ce, "Da na ɗinka masa, da ya mutu da takalmi mai kyau, iyakar bambancin ke nan." Wata rana kuma, ba wanda ya tambaye shi, sai in ji ta bango, "Da yana zama a bencin nan, da wata rana ya bi ni asibiti ko don ya yi mini dariya." Ni ba na ce masa e, ba na ce masa a'a. Bakina da ba ya gajiya, a nan yake tsayawa.

Yana shan ƙwayarsa kullum. Ya wuce shekarun mahaifinsa, ya wuce na ƙanin mahaifin, ya shiga inda ba namijin gidansu da ya taɓa shiga. Gwiwa ta fara yi masa ƙara in zai tashi, ya zo yana tambayata ko haka ake yi, don ba shi da wanda zai tambaya a gida. Na ce haka ake yi, kuma gaba ta fi.

Kwanan baya ya hau kujerata. Ina raba gashin da matsefi sai na ga fari fat a gefen kunne, ba ɗaya ba, gungu guda.

"Maƙwabci, furfura," na ce. "Ina da baƙin shuni, in shafa maka? Ba wanda zai sani sai ni da duk wanda ya shigo shagon nan."

Ya sa tabarau, ya matso da fuska jikin madubi, ya juya kai hagu da dama. Ya daɗe yana kallo.

"Da yaron nan ya gani," ya ce, "da sai na bar masa unguwar."

"Da ni da shi za mu haɗu. Wata guda ba za ka sha ruwa ba."

Ya cire tabarau ya riƙe a cinya, ya jingina.

"Bar ta," ya ce. "Rage gefen kawai."